Maganar da Aka Rubuta a Goshin Motata

Na san abin da ake gaya muku a kaina. Tsufa ya ci mini gwiwa ya taɓa mini ido, amma kunne yana nan garau, kuma katangar gidan nan na Wurno ba ta da kaurin da za ta ɓoye gulma. An ce muku bakin kakanku ne ya kashe Bello, ya kashe Sahabi, ya tashi gari guda. Ku 'ya'yan Bello ku aka fi ɗura wa wannan magana, don ku ne marayun. To ga ni, Garba direba, zan faɗa muku yadda aka yi tun daga tushe. Ba gafara nake nema ba, don har yau ban ce na yi laifi ba. So nake idan za ku tsane ni, ku tsane ni a kan abin da ya faru, ba a kan abin da 'yan bakin kasuwa suka ƙulla ba.

Ƙuruciyata a kan titi ta ƙare. Albasar Goronyo da tafarnuwar Wurno nake kwasa zuwa kudu, in dawo da goro da manja. Na daɗe ina tuƙa motar wasu kafin Allah ya ba ni tawa, tsohuwar gingimari mai bodin katako. A zamaninmu mota ba ta hawa titi ba rubutu a goshinta, kamar dattijo ne ya fita ba hula. Wani ya rubuta Allah ya isa, wani ya rubuta haƙuri maganin zaman duniya, wani kuma habaici ne zalla ga maƙiyansa. Ni da taurin kaina na ce sai wadda babu mai irinta. Na kai motar Sakkwato wurin wani mai fenti da ake kira Bitrus, mutumin Zuru ne, Kirista, gajere, ba ya aiki sai yana fito. Na yini a kansa ina surutu, ina kushe duk maganar da ya kawo. Da ya gaji sai ya ajiye burushi ya dube ni.

"Garba, kai ko a maƙabarta bakinka ba ya rufuwa. Bari in rubuta maka wadda ta dace da kai."

Ya hau tsani ya rubuta da jan fenti: MAI KAME BAKINSA YA TSIRA DA RANSA. Na karanta, ta shige ni. Na tambaye shi inda ya samo ta.

"Maganar Sarki Sulaimanu ce, tana cikin littafinmu."

"Annabi Sulaimanu dai namu?"

"Namu dai, ni da kai," in ji shi, ya ci gaba da fitonsa.

Da na kawo motar gida, wata 'yar tunga ce gabas da Shinaka, sai da na je wurin limaminmu na tambaye shi ko halal ne in yi yawo da maganar littafin Kiristoci a goshin mota. Liman mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce hikima ɓataccen kayan mumini ce, inda ya tsince ta ya ɗauka, kuma ai mu ma an hore mu mu faɗi alheri ko mu yi shiru. Bai tsaya nan ba, sai ga ta a cikin wa'azinsa, ya ce Annabi Sulaimanu ya ce. Daga nan magana ta yi ƙafa. Mata suka riƙa jefa wa juna ita a bakin rijiya. Malamin firamare ya rubuta ta a allo cikin karin maganar Hausa. Wani maroƙi ya cusa ta a kirarin mai gari, wani ɗan siyasa ya zo yawon neman ƙuri'a ya karanta mana ita da lasifika kamar shi ya haife ta. Akwai tsohon da ya rantse mini cewa a bakin kakansa ya ji ta tun kafin zuwan Turawa. Da na ce ai Bitrus mai fenti ne ya ba ni, sai aka yi dariya aka ce direba da ƙarya sai Allah. Aka laƙaba mini Kame-Baki, ni da duk garin babu wanda ya kai ni surutu. Abu guda na lura da shi tun a lokacin: kullum na sama ne yake karanta wa na ƙasa ita. Miji ya karanta wa mata, mai gari ya karanta wa talaka. Ban taɓa jin talaka ya karanta wa mai gari ba.

Gidanmu ba babba ba ne. Akwai Hajo, kakarku. Akwai Bello, ɗana na fari, da ya ƙi tuƙi ya riƙe noman albasa a fadama. Sai Dije, ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na yi renon Dije bayan iyayenmu sun rasu, ni na aurar da ita, kuma da mijinta ya mutu ni na je na ɗauko ta da ɗanta guda, Sahabi. Allah bai ba ta wani ba. Sahabi a hannuna ya girma, da ya zama saurayi ni na saya masa babur yana kabu-kabu tsakanin ƙauyuka da Goronyo. Mutum ne mai fara'a, ba ya wuce tsohuwa a hanya bai rage mata hanya ba. Ina faɗar wannan ne don kada ku ɗauka ban san alherinsa ba.

Sai shekarar da daji ya ɓaci. Fulanin da muka tashi tare, waɗanda shanunsu ke kwana a gonakinmu bayan girbi muna ba su gero suna ba mu nono, su aka fara kwashe wa dabbobi, suka tattara suka bar yankin. Daga nan 'yan bindiga suka juyo kanmu. Abin da ya fi ci mana rai shi ne ba sa kuskure. Sun san gidan da aka sayar da sa, sun san ranar da maza ba sa gari. Kowa ya san da ɗan gari akan ci gari, amma ba mai cewa komai. Mutum ya gaishe ka a masallaci, kana amsawa kana duban hannunsa.

Wata rana da hantsi ina kwance ƙarƙashin motata a bayan gida ina ɗaure wani ƙarfe da ya saki. Motar ta tsufa, ni ma haka, iyakarmu Goronyo mu dawo. Sai na ga ƙafafun Sahabi, ya zo ya zauna a inuwar motar ya jingina da taya. Ban yi magana ba don akwai noti a bakina. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya rage murya.

"Gidan Alhaji Mamman. Ya saida albasa jiya. Maza dut suna hwadama, sai la'asar su ka dawowa."

Na fito daga ƙarƙashin motar. Da ya gan ni sai ya hau babur ya gudu. Na nufi fadama da iyakar saurin da gwiwata ta yarda, don in kira maza, amma ban kai rabin hanya ba na ji rurin babura a bayana. Sun harbe ƙanin Alhaji Mamman a ƙofar gida, sun tafi da matar Alhajin da matar ɗansa. Duk wannan rana tsaka, kaji suna kiwo a tsakar gida.

Bayan an rufe gawa na sami Sahabi a ɗakin uwarsa. Na tura ƙyaure na rufe. Ban buge shi ba, ko da yake hannuna ya so. Ya durƙusa yana kuka.

"Kawu, tare ni sunka yi ga hanya. Sun ce in ban ba su labari ba, Inna za su yankawa gabana. Mi kaka so in yi?"

"Mi ah hana ka hwaɗa mani tun hwarko?"

"Da na hwaɗa maka da gari dut ya ji. Kai ba ka riƙe magana, Kawu."

Wannan ta soke ni, don gaskiya ce. Dije ta kama ƙafata da hannu biyu. Tunda take ban taɓa ganin ta roƙe ni wani abu ba sai ranar.

"Yaya, shi ɗai gare ni. Ka ba shi lokaci shi zare jikinai. Ba kai kar rubuta ga motakka ba? Ka kame bakinka, don Allah, don darajar iyayenmu."

Na kame. Na ce wa Sahabi ya bar garin, ya tafi kudu wurin abokaina direbobi. Ya ce to, bai tafi ba, ya ce idan ya tafi uwarsa za su ɗauka. Na ce su tafi tare, Dije ta ce ana ganin sun fita an gane. Haka gidan ya zauna, muna cin tuwo ba mai duban wani. Hajo da Bello sun sani, don ba a ɓoye irin wannan a gida guda. Bello ya same ni a zaure, idonsa jajir.

"Baba, jiya ni niɗ ɗauki ƙahwar gawa. Gobe ta wa za ni ɗauka? In ba ka hwaɗi ba, ni za ni hwaɗi."

Hajo kuwa cewa ta yi, "Alhaji, ni ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Amma dut wadda kaz zaɓa, gidan ga ya riga ya mutu."

Da aka sako matar Alhaji Mamman, ta dawo ƙafa a kumbure, sai ta zo da saƙo. Ta ce shugaban 'yan bindigar ya ce a gaya wa mai tsohuwar motar nan ya riƙa karanta abin da ke goshin motarsa. Ita ba ta san ma'anar saƙon ba, ni na sani: labari ya kai musu cewa na gano Sahabi. Kun ga inda maganar Annabi Sulaimanu ta kai: daga tsanin Bitrus zuwa mumbarin liman, daga mumbari zuwa bakin ɗan ta'adda. Na je wurin liman na yi masa misali, ban kama suna ba. Ya daɗe yana jan carbi. Na tabbata ya gane, shi ma tsoro yake ji.

"Garba, maganag ga taka ta, kai kak kawo muna ita. Zamanin hitina na. Ka kame."

Raina bai kwanta ba. Na shiga motar haya na tafi Sakkwato neman Bitrus. Na same shi ya bar aiki, fenti ya ci masa ido, yana zaune a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa. Da murya ya gane ni. Na zayyana masa komai, don shi ba ɗan garinmu ba ne, ba wanda zai kai wa. Na ce masa ga abin da jan fentinsa ya jawo mini. Bai yi dariya ba.

"Garba, allon goshin mota layi guda yake ɗauka, shi ya sa na ba ka layi guda. Littafin ba layi guda ba ne. Ba zan iya kawo maka kalma da kalma ba, amma shi Sulaimanun ya kuma ce idan ka ga ana jan mutane zuwa ga mutuwa ka tare, kada ka ce ai ban sani ba, don mai auna zukata ya san ka sani."

"To wacce za ni bi?"

"Bai faɗa ba. Ya jera su ya bar mu da su. Mu ma a majami'a kowa wadda ta yi masa daɗi yake ɗauka. Ni dai ba zan zaɓa maka ba, yaron ba ɗan ƙanwata ba ne."

Na dawo gida na tarar an shiga wata tunga kusa da mu, an kashe magidanta a gona, kuma da safiyar ranar an ga Sahabi ya kai fasinja can. Ban tambaye shi ba. Na yi asuba, na jira rana ta fito, na tafi wurin mai gari ni kaɗai. Na sa ya kori kowa daga zaure. Na ce zan faɗa masa suna, amma sai ya rantse mini zai miƙa yaron ga hukuma a Goronyo da ransa. Lissafina shi ne gidan yari ya fi kabari, kuma idan aka kama shi ba za a ce shi ya gudu ba, balle a taɓa uwarsa. Mai gari ya rantse, kuma har gobe ina jin da gaske ya rantse. Amma zauren mai gari ba ya rasa kunne a bayan zana. Kafin ya aika Goronyo, maganar ta kai ga 'yan sa-kai, samarin da suka ɗauki bindigar gargajiya da adda suna tsaron gari, waɗanda kowannensu akwai wanda aka kashe masa. A bakin famfo suka tare Sahabi. Ba su tambaye shi komai ba. Dije tana cikin layin masu ɗiban ruwa da bokitinta, a gabanta aka yi. Da na iso an gama, ta zauna a cikin caɓi ta ɗora kansa a cinyarta. Ta ɗago ta dube ni, ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba.

Ramuwar 'yan bindiga ta zo lokacin cirar albasa, da safe. Sun zo da yawan da ba mu taɓa gani ba. A fadama suka fara, kuma ubanku Bello yana can. An ce mini da ya ji babura bai gudu ba, ya tsaya yana kora mata masu tsinta cikin rake, nan aka same shi. Wannan ku riƙe, don ba kowa zai gaya muku ba. Suka shigo gari suka cinna wa rumbuna wuta, da rudun da muke adana albasa, da motata. Da la'asar muka rufe waɗanda muka iya rufewa, muka fita da abin da ke jikinmu. Wasu suka yi Rabah, wasu Maikujera, wasu Marnona, mu muka yo Wurno wurin dangin Hajo. Yau idan kuka je tungar nan ba za ku sami ko katanga a tsaye ba, sai tumfafiya.

Ga abin da har yanzu yake tafasa mini zuciya. Tun daga lokacin na zama abin misali. Ana wa'azi a kan tsare harshe sai a ce ku dubi Garba direba, ya rubuta maganar Annabi Sulaimanu a motarsa ya kasa aiki da ita. Wata rana a zaman makoki wani dattijo ya faɗa a gabana, bai ko sakaya ba. Na kasa haƙuri, na ce ai shi Annabi Sulaimanun yana da wata, na faɗa musu ta Bitrus. Sai dattijon ya gyara rawani.

"Wagga ba mu san ta ba. Ina kaj ji ta?"

Na ce inda na ji ta farkon.

"A'a, wagga ta Kiristoci ta. Ba mu ɗaukar addini ga mai henti."

Wato ta farko da ta ba kowa izinin noƙewa, ita ta Annabi ce, har da kakan wani ya ji ta kafin Turawa. Ta biyu da za ta tashe su daga kan tabarma, ita ce ta Kiristoci. Alhali daga baki guda na ji su. Na tashi na bar musu wurin, ban ko yi sallama ba. Ni ban san mutum nawa za a kashe ba da na yi shiru, su ma ba su sani ba. Na dai san ƙauyukan da kowa ya kame bakinsa, su ma yau tumfafiya ce a cikinsu. Amma wannan hujja ba ta dawo mini da Bello ba, kuma ban taɓa iya kai ta gaban Dije ba.

Dije ta biyo mu Wurno don ba ta da inda za ta. Gida guda muka zauna, ɗakinta yana duban nawa. Ba ta sake yi mini magana ba. Kullum da safe nakan tsaya a ƙofarta in ce Dije an tashi lafiya, ita kuma ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta cin abin da na sayo, sai ta yi surfe a maƙwabta ta ci da kanta. Ku tana yi muku wasa, tana goya ƙananan cikinku, kun gani da idonku, don ba ta taɓa ɗora wa jinin Bello laifi ba. Hajo da ta rasa ɗan fari ta yi shekara tana kuka a ɓoye, amma tana amsa mini. Dije ko a Sallah ba ta amsa. Na so ta zage ni, na so ta tsine mini a gaban jama'a, da na sami abin riƙewa. Ina son yarinyar nan fiye da yadda zan iya faɗa, ni na koya mata tafiya.

Daminar da ta wuce ciwo ya kwantar da ita. Na nemi shiga, ta juya fuska ga bango, sai na fita don kada in ƙara mata. Ranar da ta cika, Hajo ta same ni a zaure ana haɗa makara.

"Alhaji, ta bar wasiyya. Ta ce ta yahe ma kowa, har waɗanda sunka yi abin. Ta ce kai ma ta bar ka da Allah. Amma kar ka sa hannu ga makaratta."

Na ce to. Aka yi mata salla ina sahun baya. Aka ɗauke ta, mutanen da ba su san ko sunan ubanta ba suna karɓa-karɓa, ni ina biye hannuwana a baya. Wani baƙo da bai san zance ba ya matsa mini wuri ya ce Baba zo ka kama, ai lada ce. Na ce masa kafaɗata tana ciwo.

To kun ji yadda aka yi. Ku yi mini hukuncin da kuka ga dama, na gode Allah ba ku ne masu hukuncin ƙarshe ba. Roƙona guda ne. Idan tawa ta zo, za a ce a haƙa mini kusa da ƙanwata, don haka ake yi wa 'yan uwa. Kada ku yarda. Ku kai ni can ƙarshen maƙabarta, ta gaji da jin gaisuwata.